Gida na Huɗu a Allon Zango

Ku da kuke zaune gaban kwamfuta, ku danna nan ku danna can, inji ya tofo muku hoton ɗan takara mai tsawon ɗaki, kun ɗauka rubutun allo wasa ne. Ran nan na ji ɗayanku yana cewa wai mu a zamaninmu ba mu da aiki sai shafa wa katako fenti. Ban tanka masa ba don akwai goro a bakina. Yau babu, saboda haka ku matso. Zan ba ku labarin allo guda ɗaya tak, wanda ake rubuta sakamakon zaɓen kansilan unguwarmu a kai, da ranar da na hau tsani ban sani ba ko da ƙafa zan sauko ko da ƙeya.

Aikin farko da na gani a hannun Masta Hamidu goshin wata motar haya ne, trotro, mai zuwa Tafo. Kawuna Iddi, ƙanen mahaifiyata, wanda yake mahauci ne, shi ya kamo hannuna daga unguwar Akwatia Layin ya kai ni shagon. Muka tarar da Masta a tsaye kan benci, dogon Bazabarme siriri, da wata sanda a hannun hagu mai dunƙulen tsumma a baki. Ya dafa dunƙulen a jikin mota, ya ɗora wuyan hannunsa na dama a kan sandar, ya ja harafi daga sama har ƙasa bai numfasa ba. Direba yana ta hura masa wuta, fasinjoji sun cika mota suna ta mita, shi ko a jikinsa. Ni kuwa na saki baki. Ban taɓa ganin layi ya fito daga hannun mutum a miƙe haka ba.

Kawu ya ce, "Masta, ga ɗana Mumuni. Hannun shi ba ya son wuƙa kraa. Ka gwada shi da burushi."

Masta bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba, ya juya shi ciki da baya. Ya ce wa kawu, "Bar shi a nan."

Abin da ya haɗa kawu da Masta kunnen sa ne. Kada ku yi dariya. Wannan gashi mai laushi da ke cikin kunnen sa, babu abin da ya kai shi riƙe fenti, kuma duk yadda ka lanƙwasa shi zai koma ya tsaya. Duk ranar Juma'a kawu yakan aiko da kunne biyu a naɗe cikin ganye. Masta ya yanke gashin, ya wanke da sabulun salo, ya jera bakinsa ya zo daidai, ya ɗaure da zare, ya cusa cikin gindin gashin talotalo. Shi ke nan an sami burushi. Kunnen kuma ya shiga miya, ba a asarar komai. Shekara uku na yi ina wanke waɗannan burusai da kananzir, ina shafa musu man kaɗe don kada su bushe, ina goge katako da samfefa, ina riƙe bakin igiyar alli Masta yana tsunkula ta ta bar layi. Ko harafi ɗaya bai bar ni na ja ba.

Wani allon mai aski a Atonsu shi ne aikin farko da aka tura ni ni kaɗai. Na fara da manyan haruffa ina jin kaina, kafin in kai ƙarshen sunan mutumin katako ya ƙare, sai na matse haruffa ukun ƙarshe suka hau juna. Mai askin bai damu ba, shi dai ya ga kala. Amma da Masta ya bi ta wajen ya gani, sai ya sa na ciro allon na ɗora a ka, na tako da shi a ƙafa daga Atonsu har Zango, rubutun yana kallon gaba, duk wanda ya iya karatu yana karantawa yana dariya. Da na iso ya ce, "Ba a fara rubutu sai an san inda zai ƙare." Ban sake fara layi ba tare da na auna ƙarshensa ba.

To, allon zaɓe. Kafin a yi shi, sakamako a baki yake zuwa. Akwatunan ƙuri'a su kwana a ofishin 'yan sanda, washegari a ƙirga a zauren majalisar gari, sai wani ya hau keke ya shigo Zango yana ihu wane ya ci. Wani mai keken ya biyo bayansa yana cewa ƙarya ne. Akwai shekarar da aka buga wa wanda ya faɗi ganga har aka yanka rago, da gaskiya ta iso aka fito da adduna, wani tela ya rasa ido. Daga nan dattawa suka sa aka kafa allo a bakin tasha, kan ginshiƙai biyu, sama sosai yadda na baya zai hango. Aka ce jita-jita ta zo iri nawa take so, amma ba mai taɓa ganga sai allo ya faɗa. Wakilan 'yan takara da suka ga ƙirge ma, tare da akawun zaɓe ake kawo su a mota ɗaya, bakinsu a rufe da rantsuwa.

Masu fenti sun fi biyar a Zango lokacin, amma Masta aka ba. Ya fi su hannu, wannan ba a musu, sai dai ba hannun ne dalili ba. Masta ba shi da ƙuri'a. Can ƙasar Zabarma aka haife shi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Lokacin rajista, da yawa irinsa sun ce a Zango aka yanke musu cibiya, shi ya ce uwarsa ba ta san hanyar Kumasi ba, ba zai yi mata ƙarya ba. Sai rashin ƙuri'ar ya zama jarinsa. Kowane ɓangare ya yarda da shi, don ba shi da doki a tseren.

Akwai kuma maganar tsani. Ƙarƙashin allon kwata ce ta siminti mai zurfi, kullum da santsi, kuma a leɓenta ƙafafun tsanin suke tsayawa. In ba a riƙe ba, zamewa zai yi. Sai aka mai da abin al'ada: kowane ɗan takara ya kawo mutum ɗaya ya riƙe ƙafa ɗaya. In an gama rubutu, mutumin wanda ya faɗi ya ci gaba da riƙewa har mai fenti ya taka ƙasa, to an karɓi sakamako, magana ta mutu. In ya saki, ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Zaɓen shekarar sittin da tara shi ne na ƙarshe da Masta ya rubuta. Lokacin na shekara goma a shago, ina da mata da 'ya, ina rubuta motoci ni kaɗai, amma ban taɓa sa lamba a wannan allo ba. Mutum biyu ne suka tsaya a unguwarmu: Malam Bawa mai goro, alamarsa buta, da kawuna Iddi, alamarsa mabuɗi. Mako guda kafin ranar Masta ya yi wa allon farin fenti, ya zana buta a layin sama, mabuɗi a na ƙasa, saboda waɗanda ba su karatun boko. Lamba kam ba ta bukatar tafinta, mutumin Zango ko bai san harafi ɗaya ba ya san lamba, kasuwa ta koya masa. A gaban kowace alama Masta ya ja gida huɗu: na ɗaiɗai, na goma, na ɗari, na dubu.

Ni na jefa wa kawu ƙuri'ata, aka shafa min tawada a babban yatsa kamar kowa. Washegari na ɗauko gwangwanin fenti zan bi Masta, sai ya dubi yatsan. Ya ce, "Ajiye. Yatsanka ya riga ya yi magana." Ya miƙa gwangwanin ga Magajiya Lariba, shugabar matan kasuwa, mace mai jiki da murya, wadda ko direbobin tasha suna shakkar bakinta. Ni na koma cikin taro na tsaya kamar kowa.

Bayan azahar motar akawu ta iso. Akawun wani ɗan Asante ne mai tabarau, ya miƙa wa Masta takarda a rufe, Masta ya hau matakala goma sha biyu, sai da ya kai sama ya buɗe. Tasha ta cika maƙil har tsallaken titi, mutane a kan motoci, a kan rufin shaguna. Makaɗan buta suna dama, na mabuɗi suna hagu, kowa da gula a ɗage.

Nan ne za ku ga aiki. Ku da an ba ku lamba, daga gaba za ku fara, ko ba haka ba? Masta daga wutsiya yake farawa. Ya rubuta gidan ɗaiɗai na buta, ya sauko na mabuɗi. A gidan goma ya fara da mabuɗi, ya koma buta, don kada wani ya riga sau biyu a jere. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce in ka fara da babbar lamba, masu nasara za su ɓarke da ihu tun ba ka gama ba, waɗanda suka faɗi su juya baya ba su ga sauran ba, gobe su ce an cuce su. Amma in daga wutsiya ka taso, ba wanda ya san matsayinsa sai jan ƙarshe, kowa ya zama shaida a kan kowace lamba ko yana so ko ba ya so.

Wallahi ban taɓa ganin shiru irin na ranar ba. Mutum ya fi a ƙirga, amma ina jin ƙarar man ƙosai yana tafasa a tsallaken hanya. Masta yana can sama, ya dafa sanda, ya tsoma burushi, ya share bakinsa a gefen gwangwanin da Magajiya ta ɗaga masa a kan dogon itace, ya ja. Iska tana kaɗa rigarsa, hannun bai motsa ba. A gidan ɗari buta ta wuce gaba. Mutanen kawu suka zuba wa gidan dubu ido, nan ne sauran fatansu. Masta ya rubuta na buta. Ya sake tsoma burushi, bai yi sauri ba, bai yi nawa ba, ya rubuta na mabuɗi. Lamba iri ɗaya ce. Kawu ya faɗi.

Duk da haka ba a buga ganga ba, don Masta bai sauko ba. Akawu ya karanta takarda da ƙarfi, wakilai suka gyaɗa kai, sannan Masta ya fara saukowa, matakala ɗaya, ya tsaya, ya gyara sanda, wata matakalar. Mahaucin da ya riƙe wa kawu ƙafar tsani, ƙato ne mai kayar da bijimi shi kaɗai, hawaye na bin kuncinsa, amma yana riƙe gam. Sai da tafin Masta ya taɓa ƙasa ya saki, a lokacin ganga ta tashi. Daga baya na ce, "Masta, me ya sa kake saukowa kamar tsoho?" Ya ce, "Wanda ya faɗi yana son lokacin haɗiye yawu. Matakala goma sha biyu sun ishe shi." Washegari wani tela daga mutanen kawu ya hau da awonsa ya auna lambobin duka, yana neman inda aka ƙanƙanta nasu. Ya sauko yana girgiza kai. Tsawo ɗaya, kauri ɗaya, lambar wanda ya faɗi ta yi kyau daidai da ta wanda ya ci.

Ba a yi wata huɗu ba rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin mako biyu. Ban taɓa ganin aiki ya yi mana yawa haka ba, kuma ban taɓa ƙin aiki kamar wannan ba. Allon sayar da gida, allon sayar da shago. Sai akwatuna. Mutum ya kawo akwatin ƙarfe ya ce a rubuta sunansa da garin da za shi: Kano, Doso, Ilori, Wagadugu. Wasu sai sun tambayi tsofaffinsu sunan garin, don ba su taɓa ganinsa ba. Mutanen da na gani da tawada a yatsa ranar zaɓe, su ne yanzu aka ce musu baƙi ne tunda iyayensu daga waje suka zo. Malam Bawa kansa, kansilan da muka yi, a Zango aka haife shi, amma tsohonsa da matarsa ba su da takarda. Ya sa su a mota ya bi su.

Akwati na ƙarshe da aka aza a bencin shago na Masta ne. Ya miƙo min burushi ya ce, "Rubuta." Na auna ƙarshe kafin na fara, na rubuta sunansa da sunan garinsu. Ya tsuguna ya duba harafi bayan harafi, ya daɗe, ya miƙe bai gyara komai ba. A shekara goma wannan ne yabon da na samu daga gare shi, kuma ya ishe ni. A tasha ya ba ni sandarsa da kurtun burusai. Motar da ya shiga ma, shi ya rubuta goshinta.

Na ce, "Masta, allon fa?"

Ya ce, "Allo na Zango ne, ba nawa ba. In sun ba ka, ka hau. In ba su ba ka ba, kada ka roƙa."

Shekara ta juya, aka ce kujerar Malam Bawa ba kowa, za a sake zaɓe a unguwarmu. Kawu ya sake tsayawa da mabuɗinsa. Wani malamin makaranta, Tica Yakubu, ya ɗauki buta. Zukata kuwa ba su da kyau a lokacin. Mutanen Tica suna cewa mahauta sun sayi rumfunan waɗanda suka tafi a wulaƙance. Mutanen kawu suna cewa 'yan boko ne suka riƙa nuna wa 'yan sanda gidaje. Gaskiya ko ƙarya, kowa yana da wanda ya rasa, kuma kowa yana neman wanda zai huce a kansa. Dattawa suka san in aka koma sakamakon mai keke, wannan karon ba ido ɗaya za a rasa ba.

Suka zauna bayan la'asar a gindin allon, aka kira ni. Wani ya ce a ɗauko mai fenti daga cikin gari. Liman ya ce bayan abin da ya faru, in ɗan waje ya hau wannan tsani ba wanda zai riƙe masa da zuciya ɗaya. Sai aka juyo kaina. Magajiya Lariba ta gyara zama.

Ta ce, "Ei, wannan? Wannan ɗan 'yar'uwan Iddi ne oo. Bara na ga yatsan shi da idona, shuɗi paa. Hamidu ma bai bar shi ya taɓa gwangwani ba. Yanzu shi za a ba takarda a sama, shi kaɗai da Allah?"

Ba ta yi ƙarya ba. Na tuna Masta ya ce kada in roƙa, to ban roƙa ba. Na ce, "Magajiya, in an ba ni, ba zan jefa ƙuri'a ba. Bana, da duk shekarar da allon nan yake hannuna."

Ta kama hannuna ta ɗaga wa mutane, ta fashe da dariya. "Ku duba! Ja, kore, baƙi, shuɗi. Wa zai gane tawada cikin wannan datti? Za ka je ka jefa ka dawo ka ce fenti ne."

Nan ma ba ta yi ƙarya ba. Hannun mai fenti ba ya fita, a ƙarƙashin farce kala take kwana. Saboda haka na shirya allon da wuri. Na kankare lambobin bara, na cika gidajen da fari, amma layukan da Masta ya ja ban taɓa su ba, gida huɗu-huɗu yadda ya bar su. Sannan na rufe shago kwana bakwai. Wani direban Tafo ya zo da sabuwar mota na ce ba na taɓa fenti, ya zage ni ya kai wa wani. Kullum kananzir, lemun tsami, toka da sabulun salo, ina sakace farce da tsinke har fata ta ɗaye. Matata ta ce tun da ta aure ni ba ta san kalar hannuna ba sai wannan makon.

Ranar zaɓe tun kafin a buɗe rumfar jefa ƙuri'a na ɗauki benci na zauna a gindin allo, hannuwa a kan gwiwa, kowa yana gani. A nan na yi sallolina. Magajiya ta sa aka kawo mata kujera ta zauna kusa da ni tana gadi. Da rana ta take sai ga kawu, da rigar mayanka a jikinsa, mahauta uku a bayansa.

Ya ce, "Mumuni, tashi mu je. Layi ya ragu."

Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Na yi alkawari a gaban dattawa."

"Dattawa ne suka kai ka wajen Hamidu? Uwarka ta je ta jefa, da ciwon ƙafa. Burushin da ke aljihunka ma, kunnen san wa ne?"

"Naka ne, Kawu. Shi ya sa ba zan tashi ba. In ka ci, ina so a yarda ka ci."

"In na faɗi fa?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona, idonsa ja. Ya ce, "Yoo. Gobe ba zan aiko kowa ba. Ni zan riƙe tsani da kaina." Ya juya. Ban san yadda zan fassara maganar ba, kuma na san zurfin kwatar. Da aka rufe rumfa Magajiya ta duba yatsuna goma ɗaya bayan ɗaya, har da shinshinawa, ta ɗaga hannun sama ta ce, "Fari ne tas!"

Washegari akawun nan mai tabarau ya miƙo min takarda. Ƙafar tsani ta hagu wani ɗan'uwan Tica ya riƙe, ta dama kawu. Bai dube ni ba. Na hau, na buɗe takarda, idona ya faɗa kan abu ɗaya kawai: kawu ya sake faɗuwa. Tazarar ba ta da yawa, ko da yake ta fi ƙarfin ƙuri'ata guda. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Ta cikin katakon tsanin ina jin numfashinsa.

Na dafa sandar Masta, na fara daga wutsiya. A gidan ɗaiɗai mabuɗi ya fi. A gidan goma ma mabuɗi ya fi, na ji mahauta sun fara motsi a baya, makaɗinsu ya ɗaga gula. Na yi wa lambobin kawu duk kyan da hannuna ya iya, na yi wa na Tica daidai da haka. A gidan ɗari buta ta wuce. Tsanin ya ɗan girgiza sau ɗaya, ya tsaya. Wuri ya yi tsit, kowa ya mai da ido gidan dubu kamar bara.

Hannuna da kansa ya tsoma burushi, ya share bakinsa, ya matsar da sanda, ya ɗaga zuwa gida na huɗu. Na duba takarda don in ga abin da zan rubuta. Babu komai. Na sake dubawa. Lamba uku ce a sama, uku a ƙasa. Hankalina ya tafi kan wa ya ci wa ya faɗi, ban lura ba sai yanzu. Ko an haɗa na buta da na mabuɗi, ba za su kai dubu ba.

Na tsaya da burushi a sama, fenti yana taruwa a bakinsa. Wani ya yi ihu daga baya, "Mai fenti, ci gaba mana!"

Na juya na ce, "Ya ƙare."

Daga can sama ne na ga abin da na ƙasa ba su gani ba. Taron da bara ya tsallake titi ya hau rufin shaguna, bana ko rabin tasha bai ci ba. Akawu ya karanta takarda, wakilai suka gyaɗa kai. Sai na ga mutane sun fara waige-waige, wannan ya dubi gefensa, wancan ya dubi bayansa, kowa yana neman wanda ya tsaya kusa da shi bara. Mun san an tafi, mun raka su tasha, mun ga ɗakuna a kulle. Amma ba mu taɓa ganin yawansu a wuri ɗaya ba sai a wannan farin gida da ba komai a ciki. Makaɗin buta ya sauke gularsa a hankali. Na ga Magajiya Lariba, wadda ban taɓa jin ta rasa magana ba, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ɗan'uwan Tica ya ɗago kai ya ce, "Ka sa sifiri mana, allo ya cika."

Sai na ji muryar kawu daga ƙarƙashina, a dishe. "Kada ka sa komai. Gidan yana da masu shi, tafiya suka yi." Ya ƙara riƙe tsanin. Ya ce, "Sauko, Mumuni. Ina riƙe."

Na sauko yadda aka koya min, matakala ɗaya bayan ɗaya, amma ranar ni ne mai bukatar haɗiye yawun. Da na zo daidai kansa na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi, ya rungume ƙafar tsanin da ƙirji, ya kafe dugadugansa a leɓen kwata. Sai da tafina ya taɓa ƙasa ya saki. Ya wuce wajen Tica Yakubu ya ba shi hannu, ya ratsa mutane ya tafi. Ba a buga ganga ba ranar, ba a kuma zare adda ba. Ran Juma'a na zo buɗe shago na tarar da kunnen sa biyu a bakin ƙofa, a naɗe cikin ganye.

Ga yatsan nan ku duba. Tun daga wannan shekarar tawada ba ta sake taɓa shi ba, kuma duk zaɓen da aka yi a unguwar nan ni na hau, har ranar da gara ta ci ginshiƙan aka sauke allon. An ƙara yanka unguwanni, an sake layuka, amma wancan gida na huɗu na layin Masta ban taɓa sa masa lamba ba. Duk lokacin da zan shirya allo nakan sake masa farin fenti, ko za a bukace shi. Malam Bawa bai dawo ba. Masta ma bai dawo ba, ban kuma sami wanda ya ga kabarinsa ba.

Yanzu kuna buga sakamako kafin in gama tauna goro ɗaya, kuma na yarda lambobinku a miƙe suke. Abu ɗaya nake so ku faɗa min. Wannan injin naku, in ya gama rubutu, wa yake riƙe masa tsani?